Rigar Maɗacin Tabawa

A garin Rafin Kanya, a wani zamani da tsofaffin wurin ba su gama mantawa da shi ba, an yi wata mata ana ce mata Tabawa, wadda bakinta bai taɓa iya furta "a'a" ba. In ka roƙe ta gishiri sai ta haɗa maka da barkono. In ka ari taɓaryarta ka riƙe wata uku, ita ce za ta ji kunyar haɗuwa da kai a hanya. Mutanen gari suna yabonta ƙwarai, irin yabon nan da ake yi wa wanda ake morarsa.

A tsakar gidanta akwai wani ƙaton maɗaci, wanda mijinta marigayi Malam Barmo ya dasa a shekarar da aka kawo ta. A gindinsa aka binne cibiyar 'ya'yanta shida, a inuwarsa ta yi daka da kaɗi har gashinta ya yi fari. Sassaƙen maɗaci kuwa kowa ya san maganin ciwon ciki ne, saboda haka ba a rasa masu sallama. Lokacin da Malam Barmo ke raye shi ke riƙe da wuƙar. Yakan ɗebi ɓawon kaɗan ta gabas, kaɗan ta yamma, ya shafe wurin da laka, kuma ba ya sake taɓa gefen sai ya warke. Da ya rasu sai wuƙar ta koma hannun masu roƙo. Tabawa ba ta iya tsayawa a kan mutum yana ɗiba, sai ta shige ɗaki don kada ya ji nauyi. Gabas ta ƙare, yamma ta ƙare, aka zagaya kudu. Cikin shekara huɗu an feɗe gindin kewaye, bai rage ba sai wani ɗan zirin ɓawo ta arewa, faɗin yatsu huɗu. Shi ma abin da ya cece shi wani tsohon turmi ne da ke jingine a wurin, ba wanda ya so wahalar ɗaga shi.

Ganye ya yi ta zuba. Babban reshen kudu, wanda ya miƙa kan ɗakin da jikokinta ke kwana, ya bushe ƙayau, ga shi hadarin farko ya fara leƙowa daga gabas. Ran Laraba ɗanta Mantau ya durƙusa a ƙofar ɗakinta ya ce, "Inna, na yi magana da Korau mai gatari. Asabar da safe zai zo. Icen nan ya mutu, in iska ta taso a kan yara zai sauka."

Zuciyarta ta ce a'a har sau uku. Bakinta ya ce, "To, Allah ya kai mu."

Al'adar garin ce ba a sa wa babban ice gatari sai an yi wa mazauna cikinsa sallama, don su kwashe nasu ya nasu. Ran Juma'a da tsakar rana, maza sun tafi masallaci, matar Mantau ta kai yara kitso, gidan ya yi tsit, Tabawa ta zo ta dafa gindin icen tana hawaye. Ta ce, "Salamu alaikum masu wurin nan. Ku yi haƙuri, ku nemi wani gida. Gobe gatari."

Aka ce, "Wa alaikumus salam. Yau shekara arba'in da uku muna maƙwabtaka, sai yau kika ga damar gaishe ni."

Turmin nan ya mirgina da kansa. Ƙasa ta buɗe a tsakanin saiwoyi biyu, sai ga wani dogon tsoho a zaune, fuska a murtuke, jikinsa duk gyambo. Ba komai a jikinsa sai wani ɗan ƙyalle da ya sauko daga kafaɗa zuwa ƙugu, faɗin yatsu huɗu. Tabawa ta kau da kai, ta ce, "Bawan Allah, wa ya yi maka wannan aiki?"

Ya ce, "Ke, ya 'yar Adam. Ni ne Maɗaci. Rigata ce kika rabar, ɗinki ɗinki, kina ɓoye a ɗaki ana yi miki godiya ta bayan labule. Kyauta da rigar wani ai ba ta da wuya."

Maganarsa ba daɗi, amma ba ƙarya a ciki. Tabawa ta zube ta ce, "Na tuba. Akwai abin da za a yi?"

"Ni ba ni da ƙafar zuwa. A Birnin Saiwa Magajiyar Itatuwa take shari'a, kuma ba ta sauraron kowa a kan icen gida sai mai gidan. In za ki, ki dawo kafin la'asar ta wuce, don da rana ta yi ja ƙofar nan take rufewa."

Ya ƙwanƙwasa saiwa. Ƙadangaren nan mai jan kai, wanda Tabawa ta sha kora daga kan shanyar gero, ya sauko daga icen, yana taɓa ƙasa ya yi girma kamar jaki. Ya gyaɗa kai sau uku ya ce, "Hau, ranki ya daɗe. Maganar jifan da kika sha yi mini da takalmi mu bar ta sai wani jiƙon."

Suka gangara ta cikin saiwa, hanya tana murɗawa, wani haske kore yana fita daga bango. Ba su yi nisa ba suka faɗa wani fili cike da rundunar gara, tuli a kan tuli, ana wasa haƙora ana kaɗa ganga. Sarkinsu, wani zago mai kai kamar tulu, ya tare hanya.

Ya ce, "Maraba da uwar ɗakinmu. Saboda alherinki gobe muke shiga maɗaci, mun ji an kira gatari. Amma yarana sun kwana biyu ba su ɗanɗana komai ba. Ko za ki taimaka mana da takalmanki?"

Ta cire ta ba shi. Kafin ta ƙifta ido sun cinye har maɗauri. Ƙadangare ya gyaɗa kai, suka wuce.

Daga nan sai wani kogi, ba ruwa ke gudu a cikinsa ba, ƙaro ne narkakke mai danƙo, ga ƙasusuwan tsuntsaye da na wasu halittu sun maƙale a ciki tun fil azal. Gadar wata saiwa ce guda ɗaya, kaurinta bai fi taɓarya ba. Ƙadangare ya ce shi kaɗai zai iya bi da ƙafa huɗu, ita sai ta taka da nata. Tana tsakiya sai ga wata guguwa ta taso, doguwa har ba a ganin kanta, ta tsaya tana juyi a gabanta.

Guguwa ta ce, "Ya ke mai hannun kyauta, labarinki ya kai har inda iska take kwana. Ina yawo tsirara duniya tana kallona. Ba ni mayafinki."

Ta ba ta. Guguwa ta ce ɗankwalin ma zai dace da shi, ta haɗa mata. Haka Tabawa ta isa ƙofar Birnin Saiwa ba takalmi, ba mayafi, furfura a waje, tafin ƙafa yana jini.

Birnin kuwa ba a taɓa gina irinsa da hannu ba. Saiwoyi ne suka sauko daga sama suka sarƙe suka zama soraye da zauruka, kowane gida da mai shi a ƙofa, sanye da rigar ɓawonsa. Ga Tsamiya siririya mai yatsine fuska, ga Giginya tana kallon kowa daga sama, ga Aduwa da ba wanda ke son zama kusa da ita saboda ƙaya. A tsakiyar fada Magajiya Kuka take zaune, jikinta ya cika shimfiɗa bakwai, muryarta tana fitowa kamar daga cikin rijiya.

Ta ce, "Wace ce wannan da ta shigo mana fada kai ba ɗankwali?"

Tabawa ta durƙusa ta ce, "Allah ya ja zamanin Magajiya. Ni ce Tabawa, mai gidan da Maɗaci yake. Da kayana na fito, a hanya aka roƙa."

"Wanda ya roƙi takalminki yunwa ta kashe shi da kin hana?"

"A'a, ranki ya daɗe."

"Ashe kin iya faɗinta," in ji Magajiya. Fada ta ɗauki dariya, ganye yana kaɗawa ko'ina. Ta ɗaga hannu aka yi shiru. "Dubi jikinki, ya 'yar Adam. Tafiyar da ba ta kai rabin yini ba ke nan. Haka Maɗaci ya yi shekara huɗu. Mu itatuwa don a ɗiba aka yi mu, ba ma ƙin mai ciwon ciki. Amma abincinmu ta cikin riga yake bi, daga ganye ya sauko saiwa. In aka yanke rigar kewaye, an yanke maƙogwaro ke nan. Mijinki ya san wannan."

Tabawa ta yi kuka sosai, don ta tuna yadda Malam Barmo ke kwaɓa laka da hannunsa yana lallaɓa gindin icen. Ta ce, "Ni dai a gaya mini gaskiya. In sare shi ko in bar shi? Jikokina a ƙarƙashinsa suke kwana."

Magajiya ta ce, "In kin sare, ba mai riƙe ki da laifi a birnin nan. Ran yaro ya fi ice, mu ma mun sani. Reshen kudu ya riga ya zama gawa, ko ni ba ni iya tashinsa, a sauke shi. Amma ta arewa akwai sauran rai, kuma mai sauran rai ba a yi masa wanka." Ta sa aka kawo wani ɗan ƙoƙo cike da laka baƙa mai sanyi. "Daga rijiyar da iri na farko ya sha aka ɗebo ta. An auna ta daidai da ciwon Maɗaci, ba ragi ba ƙari. In ta isa gida a cike, ki shafe, riga za ta tsiro daga zirin nan ta haɗe. In ko lakucen yatsa ɗaya ya ragu, ciwon ba zai rufe ba, sai ki bar gatari ya yi aikinsa. Za a roƙe ki a hanya."

Suka juyo. A bakin kogin ƙaro guguwa tana jira, ta yi lulluɓi da mayafin Tabawa. Ta ce, "Ya ke wadda ba a taɓa jin ta hana ba, ɗan shafa mini lakar nan a goshi in yi kwalliya."

Tabawa ta buɗe baki, "to" ta riga ta hau harshe, ta haɗiye ta da ƙyar. Gumi ya karyo mata. Ta ce, "A'a." Muryar ta fito 'yar ƙarama kamar ta ɗan tsako, amma ta fito. Guguwa ta yi tsaki, ta yi juyi biyu ta watse, mayafi da ɗankwali suka faɗo a ƙasa. Ƙadangare ya ce, "Ashe dama iyakarta ke nan."

Tana ɗaura ɗankwali sai ta ji kuka. Wata mata ce zaune a gindin gada, ramammiya, riƙe da jariri wanda fatarsa duk ta tsattsage, numfashinsa sama sama. Matar ba ta yi kirari ba, ba ta yi zaƙin baki ba. Ta ce, "Inna, ɗana zai mutu. Ɗan lakuce kawai, abin da yatsa zai ɗauka."

Wannan jarrabawar ita ce ta fi duk waɗanda Tabawa ta gani wuya tun da ta shiga ƙasa. Ta haifi shida ta binne biyu, ta san irin numfashin nan. Hannunta ya tafi bakin ƙoƙo da kansa. Sai ta tuna tsohon nan da ƙyallensa, ta tuna cewa abin da ke hannunta ba nata ba ne, kamar yadda rigar ma ba tata ba ce. Ta janye hannun tana hawaye.

Ta ce, "'Yata, wannan amana ce, ba zan taɓa ta ba. Amma ina da baya, ina da gida, ina da tukunya. Ba ni shi in goya, ki biyo ni. Abin da na sani na jinya zan yi masa duka."

Matar ta miƙa mata yaron. Tabawa ta goya shi da mayafi, ta ɗora ƙoƙo a tafin hannu, ta hau saiwar nan. Yaron da ta ɗauka ba nauyi, tana kai tsakiya ya yi nauyin buhun gero. Saiwa ta lanƙwashe har ƙaro ya lashi diddigenta ya riƙe. Ta fizge, ta bar fatar wurin a ciki, ƙoƙon ya karkata, laka ta zo baki ta tsaya. Ta yi bisimilla ta ci gaba, taku ɗaya bayan ɗaya, har ta dira a ƙetare. Da ta waiga ba ta ga matar ba.

Sarkin gara ya taso da fara'arsa. Tun bai buɗe baki ba ta ce, "A'a. Kuma ka gaya wa yaranka gobe ba biki. Reshen kudu kaɗai za a sauke, shi ma murhuna yana jiransa." Ganga ta yi shiru, runduna ta dare ta ba su hanya.

Sun fito ana kiran la'asar. Tsohon yana nan inda ta bar shi, kai a sunkuye. Ta durƙusa ta fara shafa masa laka, tun daga gefen ƙyallen nan, ta bi gabas, ta bi kudu, ta zagayo yamma. Lakucen ƙarshe ya rufe gyambon ƙarshe, ƙoƙo ya koma fes. Tsohon ya yi ajiyar zuciya.

Ya ce, "Hannunki da kaushi, amma na gode. Damina bakwai kada wuƙa ta taɓa ni. Mai ciwo a ba shi ganye, yana yi, sai dai a hankali. Sauke goyonki ki gani."

Ta kwance mayafi. Ba jariri, sai ƙwallayen maɗaci cike, sun tsage baki, iri yana leƙowa. Ya ce, "'Ya'yana ne. Shekara huɗu ba su sami mai ɗauka ba." Ƙasa ta rufe, turmi ya koma wurinsa. Ƙadangare, da ya dawo ɗan ƙaraminsa, ya haye bango ya nufi shanyar gero, ta bi shi da ido ta ƙyale.

Asabar da safe Korau ya iso da gatari da igiya, Mantau yana gaba. Suka tarar da gindin ice shafe da baƙar laka, an kewaye shi da ƙaya, Tabawa tana zaune a kan turmi, ƙafa ɗaya a naɗe da tsumma.

Ta ce, "Korau, sannu da zuwa. Ka hau ka sauke reshen kudu, ka yanke shi daidai kafaɗa, a hankali da igiya. Sauran ba za a taɓa ba."

Mantau ya ce, "Inna, ai mun gama magana. A sare gaba ɗaya a huta."

"A'a."

Mantau ya dubi Korau, Korau ya dubi gatarinsa. Shekararsa talatin da takwas bai taɓa jin kalmar nan daga bakin uwarsa ba, har ya ɗan tsorata ko ba ta da lafiya. Ta ce, "Yaranka jikokina ne, ba zan bar abin da zai faɗo musu ba, shi ya sa reshen zai sauka yau. Amma zo ka kankare nan da farce." Ya sunkuya ta arewa ya ɗan kankare zirin, sai ga kore shar a ƙarƙashi, da danshi. "Ka ba ni kwana arba'in bayan ruwan farko. In bai yi toho ba, ni da kaina zan aika a kira Korau."

Korau ya ce, "Gaskiyar Inna ce. Ni ma ba na son sa ƙarfe a ice mai jini." Kafin azahar reshen ya sauka, rana ta faɗo kan ɗakin yara, wurin ya yi wani irin fili.

Gwajin da ya fi na ƙarƙashin ƙasa ran Litinin ya zo. Yaya Dije ce, yayarta da ta goya ta tun tana jaririya, ta shigo da 'yar wuƙarta a hannu tana cewa cikin nan ya sake tashi. Ta nufi icen kai tsaye, ta fara janye ƙaya. Da can a nan Tabawa take shigewa ɗaki. Yau ta zo ta tsaya tsakaninta da gindin.

Ta ce, "Yaya, ki gafarce ni. Ba za a sassaƙa ba."

"Ni, Tabawa? Ni za ki hana ɗan ɓawo?"

"Ke ma, Yaya. Zauna in dafa miki ganye."

Yaya Dije ta sha ruwan ganyen tana mita, ta tafi ba sallama, da wani fasasshen kasko a hannu wanda Tabawa ta cusa mata, an binne iri uku a ciki. Haka aka yi ta yi. Duk wanda ya zo da wuƙa ya koma da ganye da kasko. Aka ce Tabawa ta yi rowa da tsufa, aka ce ta canza, wasu suka daina gaishe ta. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai, ta sha kuka a ɗaki, amma ƙayar ba ta matsa ba.

Ruwan farko ya sauka. Kwana goma ba komai, kwana ashirin ba komai, sai baƙin ice tsaye. Mantau ya daina kallon wajen don kada su haɗa ido. Ran kwana talatin da ɗaya da hantsi, Tabawa tana tankaɗe, sai ga Yaya Dije ta shigo, karo na farko tun ranar nan, rungume da kaskonta, tsiro biyu sun fito a ciki. Ta zo ne ta tambayi yadda ake dasawa, amma ba ta kai ga tambayar ba. Ta tsaya a tsakar gida, kai a sama.

Ta ce, "Ke, ajiye rariyar nan ki duba."

Can a saman reshen arewa wasu 'yan ganye ne jajaye, sabbi, masu sheƙi, sun kai ashirin. A gindi kuma lakar ta tsage, sabon ɓawo ya kumburo daga gefen zirin, ya zama faɗin tafin hannu. Tabawa ta dafa shi, ta ji sanyi a ƙarƙashin yatsunta. Daga can ciki wata murya mai ɗaci, wadda ita kaɗai ta ji, ta ce, "A hankali, ɗinkin bai gama kamawa ba."

Ta yi dariya har hawaye ya zubo, Yaya Dije tana tambayarta abin da ya faru.

Yau in ka shiga Rafin Kanya da wuya ka wuce gida uku ba ka ga maɗaci a tsakar gida ba, kowanne da laka a gefensa na gabas ko na yamma. Babban nasu yana nan a gidan Mantau, ya karkata arewa, da tabon kafaɗa ta kudu. Wanda ya je ya gani ya ce rigar ta haɗe.